Allurar da Ba Ta Sauka Ƙasa da Kwata

Unguwar Ajiya, Jimeta.

Zuwa ga Hamman Aisatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya tsare ka a hanyar Maiduguri, ya sa ka shiga aikin da gwamnati ta tura ka da ƙafar dama, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba.

Na san za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa take kallon taka. Kada ka yi. Kai ne ɗan fari, kuma yadda aka rene mu a Yola, uba ba ya zama ya yi doguwar hira da ɗansa na fari, ko sunansa ma ba ya kamawa, shi ya sa ko a nan na rubuta Hamman Aisatu, wato yayan Aisatu ƙanwarka. Tun kana ƙarami, in ina da magana da kai sai in ba Goggonka Nenne ta kai maka, ita kuma ta kawo min amsa. To Goggo ba za ta bi ka Maiduguri ba. Ko da ma za ta bi ka, ba a aikenta da maganar tankin mota, domin kafin ta ƙetare tsakar gida ta ƙara mata gishiri. Abin da nake tsoro shi ne ka yi nisa, mu yi ta aika wa juna “lafiya lau” a takarda, har wani abu ya sami ɗayanmu ɗayan bai sani ba. Shi ya sa na zauna na ɗauki alƙalami, duk da ka san na fi sabawa da sitiyari.

Makullin tsohuwar motata yana hannun Dadarka, mahaifiyarka, za ta ba ka da safe. Motar ta zama taka. Na saye ta ne a hannun wani Baturen kamfanin bakin kogi, lokacin da suke ta haɗa kayansu bayan an sami ’yancin kai. A lokacin ina tuƙa babbar motar En’e, ina jin kaina, ina ganin babu abin da ƙarfe zai ɓoye min. Ta zo hannuna da lafiyarta. Daga baya ne allurar gejin mai ta koyi ƙarya: in ta sauko ta kai kwata sai ta tsaya cak, ko da tankin ya bushe ƙayau. Ban gane da wuri ba, domin ni mutum ne mai cika tanki tun bai yi ƙasa ba.

Ranar da na gane, ba ni kaɗai na sha wuyar ba. Da hantsi aka aiko cewa kakanka na wajen uwa, Modibbo, ƙaninsa ya rasu a Girei, kuma za a yi jana’iza kafin azahar. Na tafi unguwar Bako na ɗauko Modibbo, muka kamo hanya. Da muka zo wucewa ta gidan mai na Jimeta na dubi allura, tana ɗan sama da kwata. Na ce wannan zai kai mu ya dawo da mu, ga shi kuma jirgin fito yana shirin tashi. Ban tsaya ba. Muka ƙetare Binuwai lafiya, muka hau tudu, muka ɗan taɓa tafiya, sai tsohuwa ta yi tari sau biyu ta mutu.

Modibbo ya buɗe ƙofa. Ya fito, ya shimfiɗa buzunsa a gindin wata giginya wadda inuwarta ba ta kai ta rufe mutum ba, ya ɗauko carbi. Ni kuwa na buɗe gaban mota na shiga aiki. Na kwance fulogi na goge. Na hura kafireto. Na ga mai ba ya zuwa, sai na ɗora wa famfon mai laifi, na warware shi gaba ɗaya a kan rigata. Duk lokacin da zuciyata ta ce in duba tanki, sai in leƙa in ga allura a kwata, in ce a’a, ba can ba ne. Rana ta take, zufa ta karyo min, ina satar kallon surukina yana zaune kamar ba shi ake jira a wajen gawa ba. Sai da wani direban motar gyaɗa da na sani ya tsaya, ya karyo karan dawa a bakin hanya, ya zura a tanki ya zaro ya nuna min. Ko danshi babu. Ya zuƙo min mai daga motarsa, na mayar da famfo. Muna shiga Girei muka yi kiciɓis da mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Abin da Modibbo ya ce min kawai shi ne, “Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka.” Har ya bar duniya bai ƙara tayar da zancen ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Sai bayan an yi kwanaki Dadarka ta gaya min abin da ya faɗa mata. Wai da muka zo gidan mai zuciyarsa ta ba shi ya ce in ƙara ko kaɗan ne, amma mutum ba ya koya wa mijin ’yarsa aikinsa. Ka ji fa. Ni na yarda da allura, shi ya yarda da kunya, mutumin Allah ya rasa sallar ɗan’uwansa ciki ɗaya.

Don haka in mota ta mutu maka a daji, kada ka fara da abin da zai nuna kai gwani ne. Fara da abin da ya fi sauƙi, ko da kana ganin ya yi maka ƙanƙanta. Buɗe tanki ka zura sanda. Na sa maka wata ta gora a bayan kujera, na fere ta sumul don kada ta zubar da datti a ciki. Kuma daga Song zuwa Gombi har ka kai Biu, duk inda ka ga ana sayar da mai ka tsaya ka ƙara, ko allura ta rantse maka.

Kuskurena na biyu ya fi ban dariya, kuma na yarda ka yi dariyar, tunda ba a gabana za ka yi ba. Na dawo daga Girei da fushin geji. Na ce shi ya yi min ƙarya, shi zan hukunta. Na aika aka nemo min sabo, na cire tsohon na jefa a kwandon tarkace, na ɗaura sabon ina huci. Na bar mai ya yi ƙasa don in gwada shi. Ya sauko, ya sauko, ya kai kwata ya tsaya daidai inda ɗan’uwansa yake tsayawa. Mai hankali da ya gane a nan cewa laifin ba a gaban mota yake ba. Ni kuwa sai na cire shi na kai wa wani mai gyaran agogo a kasuwar Jimeta, na ce ya zare allurar ya mayar da ita baya kaɗan, yadda in tanki ya ƙare za ta kwanta a ƙasa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Malam, agogo kam in ya yi latti ba hannunsa ake lanƙwasawa ba, amma kai ne mai kaya.” Ya yi min yadda na ce.

Sai ƙaryar ta koma ɗaya gefen. Na je gidan mai na ce a cika, ina zaune ina kallon allura, ina cewa mai zubawa ya ci gaba, ba ta kai ba tukuna. Yana cewa ya cika, ina cewa ni zai gaya wa motata? Har fetur ya tumbatso ya wanke masa ƙafa, ya malale ƙasa, ’yan kallo suka ja da baya. Ranar na koma wurin mai agogo a sunkuye ya mayar min da allura mazauninta. Yana aikin na ga gemunsa yana motsi.

Ka riƙe wannan. Allurar da kake gani ba ta san komai ba, abin da aka aiko mata daga tanki shi take faɗa. In labarin da ya iso maka bai yi daidai ba, ka bi shi har inda ya taso. A ofis ma za ka gamu da irin haka. Masinja zai kawo maka maganar da ba ka so, ranka zai ce ka huce a kansa. Ka tuna da ni da mai agogo, ka tashi ka je ka gani da idonka.

Bayan wannan sai na yi abin da ya fi duka muni, domin shi bai yi kama da kuskure ba. Na haƙura da gyara, na koyi zama da ƙaryar. Na san in ta kai rabi in fara neman gidan mai, in ta doshi kwata to babu sauran wasa. Shekaru na yi a haka ba ta sake tsayar da ni ba. Har alfahari nake yi a majalisa, ina cewa tsohuwa ba ta jin yaren kowa sai nawa. Abin yana min daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Mutum yana son a ce akwai abin da shi kaɗai ya iya.

Sauran labarin ka san shi, amma ba ka san nawa gefen ba. Lokacin da ka gama kwaleji ka dawo da sabon lasin, zazzaɓi ya kwantar da ni, Dadarka kuma tana son zuwa barkar haihuwa a Yola. Ta ce ka kai ta. Ina kwance na ji ka tayar da mota. Na san inda na bar allura, gab da kwata. Na tashi da ƙyar na kai bakin ƙofa, na ɗaga labule, na gan ka kana goge gilashi. Goggo ba ta gida. Tsakar gida cike da mata masu rakiya. In kira ka da me? In ce “kai” a gaban mutane, in tsaya ina yi maka bayani kamar abokina?  Na ce a raina ai Yola ba nisa, zai kai ku. Na saki labule na koma na kwanta.

Da la’asar ka dawo da mota a wanke, tanki a cike, ka aje makulli a kan taga ka wuce. Dadarka ma ta shigo ta ce min sun gaishe ni, shi ke nan. Sai washegari Goggo ta faɗo ɗakina ko sallama ba ta ƙarasa ba.

“Kai Buba, ku biyun nan wane irin mutane ne? Motan ya mutu a tsakiyan fadama, uwan yana zaune cikin rana, ɗanka ya taka har Jimeta ya dawo da galan a kafaɗa. Ya ce kar a gaya maka, wai za ka ji kunya. Kai kuma ka san motan yana ƙarya, ka yi shiru, wai kana jin kunya. Ni kam na gaji, wallahi. Ranan da na mutu sai ku nemi wanda zai riƙa yi muku fassara.”

Na yi dariya don ta fita ta ba ni wuri. Amma da ta fita ban yi dariya ba. Na leƙa na ga kana ɗingishi a bakin rijiya, takalmin makaranta ya sale maka dunduniya. Na ji tausayinka, na kuma ji daɗin irin ɗan da Allah ya ba ni, wanda zai sha rana don ya rufa wa ubansa asiri. Ko ɗaya daga cikin biyun ban gaya maka ba. Yau na gaya maka.

Shawarata a nan ita ce, duk wata ɓaraka da kai kaɗai ka san yadda ake lallaɓa ta, kada ka ce ka iya zama da ita. Ba kai kaɗai kake zaune a gidan ba. Wata rana za ka kwanta ciwo, ko ka yi tafiya, wani naka ya ɗauki makulli da zuciya ɗaya. Ko ka gyara, ko ka buɗe baki ka faɗa, kuma gyaran ya fi.

Da takardar canjin aikinka ta zo, na ce ba zan ba ka mota da ƙarya a cikinta ba. Na kai ta Nassarawo wurin Bitrus bakanike, abokina tun zamanin garejin En’e. Yana ganina ya fara: “Oho, yau rana ya fito ta ina? Tun yaushe nake ce maka mu sauke tankin nan, kana ce min kai da matarka tsohuwa kun fahimci juna?” Na ce ya yi aiki ya bar surutu. Muka tsiyaye man, muka kwance tanki muka fito da shi fili. Muna kifa shi sai ga ƙasansa ya lotsa ciki, wuri kamar an danna gindin ƙwarya. Nan take na tuna. Wata damina a hanyar Fufore na ratse wa taɓo na hau kan dutse, na ji ƙara a ƙasa. Na fito na duba ban ga yoyo ba, na yi hamdala na wuce.

Ga yadda abin yake. A cikin tanki akwai wata ’yar kwalba ta tagulla a bakin siririn ƙarfe, tana yawo a kan mai. In mai ya yi sama ta yi sama, in ya sauka ta bi shi, ita ce take aika wa allura labari ta waya. To wurin da dutse ya lotsa yana daidai ƙarƙashinta. In mai ya sauka sai ta zauna a kan tudun nan ta huta, mai ya ci gaba da ƙarewa a gefenta, ita kuwa tana ta aika cewa da saura. Duk shekarun nan ba geji ne mai laifi ba, ba kuma mai agogo ba. Bitrus ya yi dariya har da riƙe ciki.

Muka wanke tankin da ruwa da sabulu har ya daina wari, muka shanya shi a rana. Ka kula da wannan ƙwarai: tankin da babu mai a ciki ya fi mai cike haɗari. Kada ka bari kowa ya kusance shi da wutar walda ko taba, ko da ya ce maka ya saba. Da sandar icce muka zura ta ramin da kwalbar take shiga, muka yi ta bugawa a hankali har ƙasan ya koma daidai. Bitrus ya kankare tsatsar wayar da take kama jikin mota, ya girgiza kwalbar a kunnensa don ya ji ko ta huje ta sha mai. Lafiyarta ƙalau. In wata rana allura ta sake rikicewa, haka za ka bi. In tana rawa, wayar nan ce ta saki ko ta yi tsatsa. In kullum tana nuna ƙasa da abin da ka zuba, a girgiza kwalba. Shi gejin na gaban mota shi ne na ƙarshe da za ka zarga. Kuma ka tsaya a kan aikin da kanka, kada ka aje makulli ka tafi ofis.

Yanzu ga abin da ya sa na yi duk wannan dogon zance. Kunyarmu abu ne mai kyau, ban ce ka yar da ita ba. Ita ta sa ban taɓa jin ka ɗaga murya a gaban babba ba. Amma mu mutanen gidan nan mun iya cewa “jam”, wato lafiya lau, da cikinmu babu komai. In aiki ya yi maka nauyi, ko ciwo ya kama ka, ko kaɗaici ya dame ka a garin da ba ka da kowa, ka rubuto min yadda abin yake. Ba zan ga ka gaza ba. Na san ba za ka fara ba sai ka ga na fara, domin ni ka biyo. To bari in fara.

Da muka mayar da tanki, Bitrus ya ce in shiga in zauna a sitiyari, shi zai riƙa zuba mai galan-galan ni kuma in riƙa faɗa masa inda allura take. Na shiga na kunna. Ya zuba ya ce, “Ina ta kai?” Na duba, ban gan ta ba. Na goge gilashin da hannun riga, na matso har hancina ya kusa taɓa shi. Farin fili kawai nake gani da wani baƙi-baƙi yana iyo. Ya sake tambaya, na ce ya zo ya duba da kansa ni zan zuba, wai bayana yana ciwo. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓi wurin. Shi ya gaya min ta sauka har ƙasa, ta kuma hau har sama daidai. Allurar da na yi shekaru ina faɗa da ita ta daina ƙarya, ni kuma ban gani ba.

Yanar ido ce take rufe min gani. Na dama ya riga ya tafi, na hagu yana bin sa. Ya kusa shekara da na lura, ina ta cewa hasken rana ne. Ka ga yadda rubutuna ya yi manya-manya yana hawa yana sauka. Mutane suna ta yaba min wai na yi kyautar mota, ni kuwa na san ko ba ka tafi ba tuƙi ya ƙare min. Dadarka tana zargi amma ba ta tambaya ba, Goggo ba ta sani ba, don da ta sani da duk Ajiya ta sani. Kai na fara gaya wa. Ina jin tsoro, Hamman Aisatu. Ba mutuwa nake tsoro ba, zama a zaure nake tsoro, ina jin muryoyin jikokina ban san kamanninsu ba.

Malamin asibiti ya ce akwai masu aikin ido a Kano, kuma in ba a yi jinkiri ba ana dacewa. Kada ka fasa tafiyarka saboda wannan, ban yarda ba. Ka je ka kama aikinka, ka zauna da gindinka. Amma hutun farko da za su ba ka, ka zo ka kai ni. Ba na son Bitrus ya kai ni, ba na son motar haya. Kai nake so ka tuƙa, ni ina gefenka a gaba. Hanyar tana da nisa, wataƙila kafin mu kai mu koyi yi wa juna magana ba da takarda ba.

Gobe in za ka fita kada ka tsaya daga bakin ƙofa ka yi min sallama yadda ka saba. Ka shigo ciki, ka matso kusa da taga inda haske yake.

Allah ya kai ka lafiya, ya raba ka da sharrin hanya da na ƙarfe, ya yi maka albarka duniya da lahira. Allah ya dawo min da kai ina iya ganin fuskarka. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Buba Direba.